Katakon Lilo da Girman Kare a Gasar Zafin Nama

Jama'a, barkanmu da war haka. A gasar zafin nama, wato wasan da kare ke bin jerin shingaye da gudu ana auna masa lokaci, wanda aka fara nunawa a bikin karnuka na Crufts a Ingila a 1978, akwai abin da ake yi wa ƙaramin kare rangwame a kai, akwai wanda ba a yi masa. Sandar tsallake ana sauke masa ita ƙasa. Katakon lilo kuwa, wanda babba ya hau shi ƙarami zai hau.

A ƙa'idar FCI, hukumar kula da harkokin karnuka ta duniya, tsawon katakon ya kai mita 3.6 zuwa 3.8, faɗinsa santimita 30, tsakiyarsa na bisa da santimita 60. Idan aka ɗora kilo 1 a ɓangaren da ke sama, dole ya sauka cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Aikinsa irin na sikeli ne: nauyin kare da nisansa daga tsakiya su ke sa ya rinjaya.

To, ku dubi karen kiwo irin Border Collie mai kilo 18. Da ya ɗan gota tsakiya, katako ya tafi da shi, ya bugi ƙasa da ƙarfi. Matsalarsa birki. In ya yi tsalle kafin katakon ya taɓa ƙasa, alƙali zai ba shi laifi. Shi ya sa masu horarwa da yawa ke koya masa tsayawa a ƙarshe, ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan katako.

Ƙaramin kare irin Papillon mai kilo 3 fa? Wannan shi ne abin tausayina. Tsakiya ba ta san da zuwansa ba. Sai ya ruga har kusa da baki, inda tsayin ya haura mita 1, ya tsaya cak yana jira katako ya sauko da shi a hankali, agogo kuma na tafiya. Ku lura, in kun ga ya toge a tsakiya ya ƙi ƙarasawa baki, ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma yana da hujja. Ni ban yarda a koya masa tsayuwar manyan karnuka ba, domin katakon kan yi tsalle bayan ya bugi ƙasa, ya ɗaga masa ƙafafun baya. Ƙafafunsa huɗu su zauna a kai.

Ku fara masa da katako ƙasa-ƙasa, ku riƙe bakin da hannu, ku ajiye ladarsa a can ƙarshe. Sai ya saba da ƙarar bugun tukuna ku ƙara tsayi.