Lacca a Maraɗi: ƴan gudun hijira da zaman ƙabilu

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, abubuwa uku nake son taɓawa game da ƴan gudun hijirar da suka fara kwararowa jihar Maraɗi a 2019 daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, bayan ƴan bindiga sun hana su noma, sun hana su barci.

Na farko, ana yawan cewa zuwan baƙi yana ƙara yawan ƙabilu, yawan ƙabilu kuma yana jawo rikici. To, a nan wace ƙabila ce ta ƙaru? Na ga wata dattijuwa da ta sauka a wani ƙauye na Gidan Runji da tabarma da tukunya ɗaya, tsagar Gobirawa da ke fuskarta iri ɗaya ce da ta matar da ta ba ta ɗaki. Ku na baya, ku saurara da kyau: masu hijira ne suka kafa garin nan. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, gidan sarautarta ya yo arewa, Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbi, shi ya sa har gobe muke cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Haka Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan faɗuwar babban birninsu Alƙalawa. Na sake faɗa, masu hijira ne suka kafa garin nan.

Na biyu, abin da ke haɗa baƙo da ɗan gari faɗa shi ne rijiya da itacen girki da gona, da ganin an raba wa wani hatsi an tsallake wani. Shi ya sa aka mayar da wasu ƴan gudun hijirar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, nesa da iyaka, inda famfo da gidan likita suke amfanar kowa. Na uku...

(Wani ɗalibi: Malam, Fulani fa?)

Madalla, ɗana, nan ne tsorona yake. Wanda aka ƙone wa gida yana ƙetarowa da zargin Fulani a bakinsa, zargin kuma yana sauka a kan makiyayin da aka haifa a nan, wanda shi ma an kore masa shanu. Mu ne muka ga Toda a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, a kan rigimar gona da kiwo. Toda kuwa a yankin Gidan Runji take, inda baƙin nan suka fi sauka.