Saukar yamma a zango: rataye abinci da zama da abokan tafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Har yanzu muna kan hanyar Apalashiya, hanyar tafiyar ƙafa ta cikin daji a gabashin Amurka, wadda ta tashi daga dutsen Springer a Jojiya ta ƙare a dutsen Katahdin a jihar Maine. Jihohi 14 take ratsawa, sama da kilomita 3,500, kuma masu yin ta a jere kan ɗauki wata biyar zuwa bakwai. A bidiyon yau maganar saukar yamma za mu yi, don a nan ne ake gane wanda zai yi abokai da wanda za a riƙa gudu.

Ga rumfar kwanan matafiya a bayana, bango uku da rufi, gaba a buɗe. Wanda ya riga zuwa shi ke shimfiɗa, amma in ana ruwa a matsa wa kowa, ba a barin mutum a waje. Kafa tanti kun iya, ba zan tsaya kansa ba. Ni da na iso ruwa nake fara ɗebowa tun da sauran haske, in tace na sha, in yi alwala nesa da rafin, in haɗa Magariba da Isha'i tunda matafiyi nake. In dare ne mai sanyi, saka matacin ruwanka cikin jakar barci, don in ya daskare ya lalace ko da ba ka ga tsagewa ba.

Abinci kuwa, kowa da tukunyarsa. Ni gari da sukari da gyaɗa sun fi mini, ba wuta ba gas, kuma garin na samuwa a shagunan 'yan Afirka. Mu dai mun saba in an buɗe kwano a ce bismillah, kuma a nan ma a yi tayin, suna jin daɗinsa ƙwarai. Sai dai ka zuba wa mutum a tafinsa, kar ya sa hannu a ledarka. Ciwon amai da gudawa na yawo a hanyar nan, shi ya sa ma za ka ga ana gaisawa da dunƙulen hannu. Ba wulaƙanci ba ne.

To ga inda nake so ku natsu. Dajin nan akwai baƙar beyar, wata babbar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci, hancinta kuwa ba dama. Wasu zangunan suna da akwatin ƙarfe ko wayar rataya, in akwai shi ke nan. In babu, sai bishiya. Duk abin da ke da ƙamshi ya shiga jaka: abinci, shara, man goge baki, har turaren nan da ba ka rabuwa da shi, malam. Ka yi nisa da wurin kwana kamar mita 60. Nemi reshen da jakar za ta yi kusan mita huɗu daga ƙasa, mita biyu daga gindin bishiyar.

Igiyata mita 15 ce. Na sa dutse a 'yar jakar nan, na jefa ta saman reshe. Kauce, dutsen na dawowa. Yauwa. Yanzu cire dutsen, maƙala ƙugiyar nan mai murfi a bakin igiyar, ka rataya jakar abinci. Sai ka ja... a'a, tsaya, kafin ka ja, ɗauki ɗaya ɓangaren igiyar ka zura shi ta cikin ƙugiyar. Wannan ne mutane ke tsallakewa. In igiyar ba ta bi ta ciki ba, duk abin da zai biyo baya aikin banza ne. Kun gani? Igiyar da ke hannuna ta ratsa ƙugiyar. Yanzu ja har jakar ta taɓo reshe. Miƙa hannu iya tsawonka, yi zobe biyu da igiyar, ɗora na biyun a kan na farkon, zura ɗan kara mai kaurin yatsa, ka ɗaure. Zobe biyun fuska ɗaya za su kalla, in ka juya ɗaya zai warware. Saki a hankali. Karan na hawa, jakar na sauka, sai su haɗu a tsakiya karan ya tokare ƙugiyar. Igiyar da ta rage tana lilo kawai, ko beyar ta ja ba abin da zai faɗo. Da safe ka ja ƙasa, ka zare karan.



Aikin nan ya fi sauƙi da mutum biyu, ɗaya na haskawa ɗaya na ɗauri, kuma ni yawancin abokaina a gindin bishiya muka saba. Akwai wata dattijuwa, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kullum sai ta tambaye ni ko na yi sallata kafin ta kira ni in riƙe mata tocila. A hanyar nan kusan kowa da laƙabinsa, abokan tafiya ke raɗa maka, har ka yi wata guda da mutum ba ka san sunansa na yanka ba. Akwai kuma littafi a rumfa, ka rubuta laƙabinka da kwanan wata, don na bayanka su san ka wuce lafiya. Kar ka raina shi, da shi ake bin sawun wanda aka daina ji daga gare shi.

Ƙarfe tara an yi tsit, kowa ya gaji. Mai minshari ya kafa tantinsa a gefe don Allah. Mu masu tashi Asuba kuma, a haɗa kaya tun dare, a sa jar fitila, a fita da ledoji waje kafin a fara ƙullawa. Darasi mai zuwa bororon ƙafa za mu duba, ku tanadi allura da filasta.