Fodkas Daga Zariya: Ina Matasan Sujadar Hausa Suka Tafi?

Malam: Jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Zariya muke gaishe ku, kuma yau ina tare da Baba, dattijon ikilisiya daga Wusasa, da Malama, wadda take koyarwa a makarantar Lahadi a Samaru. Zancenmu shi ne yadda mutane suke sauya salon bin addini, da abin da hakan yake jawo wa ikilisiyoyi. A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, kashi 46 cikin 100 ne suka ce su Kiristoci ne, alhali a 2011 sun kai kashi 59, sannan kashi 37 suka ce ba su da addini. Baba, shin mu ma can muka nufa?

Baba: A'a ɗana, cutarmu daban ce, kuma idan muka sha maganin tasu ba za mu warke ba. A ƙasar nan da wuya ka gamu da wanda zai ce maka ba shi da addini. Mutane suna addu'a da azumi fiye da yadda muka yi a ƙuruciyarmu, sai dai sun canja inda suke zuwa ɗiban ruwa. Ranar Lahadin da ta wuce na waiwaya a sujadar Hausa, na ga furfura da ɗankwali sun cika bencin gaba, Zumuntar Mata suna nan da kiɗan tulunsu, amma bencin baya, inda samari suke cunkushewa a da, iska ce kawai take kaɗawa.

Malama: Na san inda suke, Baba, domin wasunsu ɗalibaina ne. Suna sujadar Turanci, ko suna majami'un Fentikos da suka bazu a Sabon Gari da Samaru, ko kuma suna ɗaki da waya a hannu suna bin addu'ar asuba ta wani fasto da yake Legas ko Abuja. Wannan guguwa ta daɗe da tasowa. Ikilisiyar Deeper Life ta faro ne a 1973 daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da Fasto Kumuyi ya buɗe a Legas, Living Faith kuwa a nan Kaduna ta yi ƙarfi kafin ta koma Kudu. Kullen korona na 2020 ne ya ƙarasa aikin, domin da aka rufe majami'u, har iyaye mata suka koyi bin wa'azi a Facebook da YouTube, kuma da aka buɗe ba kowa ne ya dawo ba.

Malam: Maƙwabtanmu Musulmi ma sun ga irin wannan sauyi, tun kafuwar Izala a Jos a 1978 har zuwa yau da matashi yake zaɓar malamin da zai saurari tafsirinsa a waya.

Baba: Haka ne, zamani ɗaya ne yake kaɗa mu duka. Amma abin da yake ci mini rai shi ne harshe. Dakta Walter Miller, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a birnin Zazzau tun 1905, daga baya mishan ya koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa a 1929, irin ginin Hausa sak, wadda har yau tana tsaye. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da wannan harshe bishara ta shiga ƙauyukan Maguzawa, da shi ikilisiyar ECWA da ikilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, suka haɗa kabilu masu yawa a sujada ɗaya. Yau jikana yana iya yin addu'a da Turanci na minti goma ba tare da ya numfasa ba, amma na miƙa masa Littafin Waƙoƙi ya kasa karanta baiti guda.

Malama: Baba, ka yi mini haƙuri, amma laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Wata yarinya da ta gama jami'a shekara uku babu aiki ta faɗa mini cewa a ikilisiyarmu ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take ciki, sai dai a tuna mata da baikon sujada da kuɗin gini. Can inda ta koma, an rubuta sunanta tun ranar farko, an kira ta a waya kafin Laraba, an kuma sa ta cikin mawaƙa. Ban yarda da wa'azin da yake mai da bangaskiya kasuwa ba, inda ake cewa ka shuka iri ka girbi mota, kuma na ga waɗanda suka dawo daga can da karyayyar zuciya. Amma su sun saurare ta, mu kuwa ba mu yi ba.

Baba: Wannan magana ta shige ni, 'yata, kuma ba zan musa ba. Mun riƙe kujerun dattawa har matasa suka ga ba su da wurin zama. Sai dai zan ƙara abu ɗaya. Bara da wani matashi a unguwarmu ya kwanta a asibiti, faston da yake bi a waya bai ma san yana duniya ba. Matan zumunta ne suka yi ta kai kunu da tuwo har mako uku, samarin da suka rage mana kuma suka ba da jini.

Malam: To Malama, a aikace me kuka fara yi a Samaru?

Malama: Mun roƙi dattawa su ba matasa Lahadi ɗaya a kowane wata su jagoranci sujadar Hausa, da kiɗansu da komai, bisa sharaɗin cewa karatu da addu'a da Hausa za a yi. Mun kuma buɗe zaure a WhatsApp inda ake tura ayar safe da murya, domin da yawansu suna jin Hausa amma ba su iya karanta ta ba. A watan da ya wuce wani ɗalibin injiniya ya tashi ya karanta Zabura ta 23 yana tuntuɓe a kan kalmomi, wata tsohuwa a bencin gaba tana ƙarasa masa daga ka, har suka kai ƙarshe tare.

Baba: Idan Lahadin matasan ta zagayo, ki sanar da ni, zan zo da jikana.

Malam: Mun gode Baba, mun gode Malama. Jama'a, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.