Rigar Sanyin Aran: Saƙar Matan Tsibiri da Labarin da Aka Ɗora Mata

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan rigar sanyi da kyau. Launinta kamar na madara, tana da kauri, an zuba mata ado kamar tufkar igiya tun daga wuya har ƙugu. Duk wanda ya saba ɗaga kayan gwanjo lokacin hunturu zai ce ya taɓa cin karo da mai kama da ita. Sunanta Aran. Ta samo sunan ne daga wasu tsibirai uku da ke yammacin ƙasar Ailan, a mashigin ruwan Galway, inda ƙasa ta ƙare Tekun Atlantika ya fara: Inis Mór, da Inis Meáin, da Inis Oírr.

Wurin nan dutse ne zalla. Mutanen da suka zauna a cikinsa da hannunsu suka yi ƙasar noma. Sukan kwaso yashi da ciyawar teku a kwando, su shimfiɗa a kan fa, shekara da shekaru, har ta kai a binne dankali a ciki. Sai su kewaye gonar da katangar duwatsu don kada iska ta kwashe musu wahalarsu. Maza na fita su a wani ƙaramin kwale-kwale da ake kira currach, wanda ake lulluɓe ƙashinsa na katako da zane mai kwalta. Wasu su dawo, wasu teku ta riƙe su.

Daga nan ne labarin da ake ba masu yawon buɗe ido ya samu wurin zama. Za a ce maka kowane gida yana da nasa zanen saƙa tun kaka da kakanni, don in teku ta cinye masunci, ruwa ya turo gawarsa bayan kwanaki, a gane ɗan gidan wa ne ta rigar da ke jikinsa. Har shaguna suna sayar wa Amurkawa jikokin 'yan Ailan riga, a ce musu ga zanen zuriyarku.

Labari ne mai taɓa zuciya, amma masana tarihin tufafi sun bincika ba su ga tushensa ba. Abin da aka fi danganta shi da shi wani wasan kwaikwayo ne na marubuci John Millington Synge, wanda ya zauna a Inis Meáin, aka fara nuna wasan a Dublin a 1904. A ciki wata yarinya ta gane kayan ɗan'uwanta da ruwa ya ci, saboda ta ƙirga ɗinkin safarsa ta tuna inda ta yi kuskure lokacin da take saƙa ta. Safa ce, kuma kuskuren hannu ne ya nuna ta. Daga baya wani ɗan kasuwar zare haifaffen Jamus, Heinz Kiewe, ya ga irin rigar a wani shago a Dublin a 1936, ya shiga yaɗa cewa zanenta na da alaƙa da tsofaffin littattafan addini na ƙasar, masu shekara fiye da dubu. Kasuwa ta ji daɗin maganar, ta riƙe.

To mene ne ainihin abin da ya faru? A 1891 gwamnatin Birtaniya, wadda ke mulkin Ailan a lokacin, ta kafa wata hukuma don rage talauci a yammacin ƙasar. Hukumar ta bunƙasa sana'ar kamun kifi, masunta da mata masu gyaran kifi suka riƙa zuwa daga wurare irin su Sikotlan da Donegal. Sun zo da rigar masunta mai duhun shuɗi, matsattsiya, mai ɗan ado a ƙirji. Har yau sunan rigar sanyi a harshen Ailan, geansaí, daga sunan waccan rigar ya fito. Matan Aran suka karɓi wannan suka mai da shi nasu. Suka koma ga zaren ulu mai kauri na tumakinsu, wanda ba a rina ba, suna kiransa báinín, wato ɗan fari. Ba sa wanke maiƙon gashin gaba ɗaya, shi ya sa rigar ke da wani wari na tunkiya, kuma yayyafi ba ya saurin ratsa ta. Adon da a da yake tsayawa a ƙirji suka bazu da shi ko'ina, gaba da baya da hannuwa. Ke nan rigar da muka sani yau ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Nan ne ni labarin ya fi burge ni. Farar rigar ta fi fitowa ne a jikin yara maza, a manyan ranakun coci, lokacin da uwa ke son ɗanta ya fita kunya. Babu takarda, babu zane a rubuce. Yarinya na zaune kusa da uwarta ko kakarta tana kallon tsinken saƙa, a haka take ɗauka. Tsofaffin tsibirin suna ba da labarin yadda mace za ta zauna a coci ranar Lahadi, idonta na kan bayan yaron maƙwabciya, tana ƙirga yadda aka karkata zaren, ta koma gida ta gwada, ta ƙara nata a kai. Ku duba ire-iren adon da ke jikin rigar: wannan shi ne igiya, wannan saƙar zuma, wannan mai kusurwa huɗu da wasu ke cewa gonakin tsibirin ne, wannan kuma gansakuka. Idan har akwai abin da ke bambanta rigar wani gida da ta wani, to hannun matar gidan ne, da abin da ta koya wa 'ya'yanta.

Kuɗi ya shigo a hankali. Wata baiwar Allah, Muriel Gahan, ta buɗe shagon The Country Shop a Dublin a 1930 don sayar da aikin hannun mutanen karkara, kuma tana cikin na farko da suka riƙa sayen saƙar matan Aran. A shekarun 1950 Pádraig Ó Síocháin ya fara fitar da rigunan zuwa ƙasashen waje. Sai wata matsala ta taso: matan sun saba saƙa wa mutumin da suka sani, mijinsu ko ɗansu, da ido suke auna shi. Dole suka koyi awo irin na shago. Riga ɗaya kan ci makonni, ladan kuwa bai taka kara ya karya ba, amma a gidan da kifi ke zuwa yau gobe babu, wannan ɗan kuɗin ya riƙe tukunya.

A 1961 wasu mawaƙan Ailan 'yan gida ɗaya, Clancy Brothers, tare da abokin waƙarsu Tommy Makem, suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka sanye da fararen rigunan Aran. Mahaifiyar 'yan Clancy ce ta aiko musu daga gida, don ta ji labarin tsananin sanyin New York. Ailan, ƙasar da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mata kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan, tana da jikoki birjik a Amurka, kuma a daren nan suka ga abin da za su sa su tuna gida. Oda ta yi yawa har masu saƙa suka kasa biya.

Yau yawancin abin da ake sayarwa da sunan Aran inji ne ya saƙa, sau da yawa da ulu mai laushi da aka shigo da shi daga waje. A Inis Meáin akwai kamfanin saƙa da aka kafa a 1976, wanda ya samar wa mutanen tsibirin aiki a gida. Tsofaffin rigunan kuwa suna gidan tarihin rayuwar karkara da ke garin Castlebar a Ailan, kuma ɗaya daga cikin na shekarun 1940 ta je baje koli a gidan fasaha na MoMA a New York a 2017.

Idan ta hannu ta faɗo hannunku, za ku ji nauyinta tun kafin ku sa. Ku juya cikinta waje, ku bi layin igiyar da yatsa a hankali. Za ku tarar da inda zaren ya ɗan matse, da inda ya ɗan saki, wani lokaci har da wurin da igiya ɗaya ta karkata hagu alhali 'yan'uwanta duk dama suka nufa.