Filin Tseren Motocin da Aka Saya Don Ranakunsa Biyu

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan hoton da kuke gani ya sake zagayowa a wayoyinmu. Ciyawa ta tsaga kwalta ta fito, kujerun 'yan kallo sun yi tsatsa, ga kuma tsohon allon tallar taba sigari da rana ta cinye fentinsa. Kowa kuma na tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce 'yan kallo ne suka daina zuwa, wani ya ce mummunan haɗari aka yi aka rufe wurin. Har na ga wanda ya rantse da girman Allah cewa aljanu ne suka kori mutane. To, ku gyara zama.

Sunan wurin North Wilkesboro Speedway, yana jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Kuma tun farko ku sani, hoton tsoho ne. Za mu zo kan wannan.

Bari mu gaggauta da tarihin. An buɗe filin a watan Mayun 1947, lokacin ko kwalta babu, jar ƙasa ce zalla. Mutumin da ya jagoranci gina shi sunansa Enoch Staley. Zagaye ɗaya bai wuce kimanin kilomita 1 ba. Ku dubi nan da kyau: ɓangaren gaban 'yan kallo gangara ne, na baya kuma hawa. Kuɗi ne suka ƙare wa masu aikin kafin su gama baje ƙasar, sai suka bar ta yadda Allah Ya yi ta. Wanda ya taɓa gini ya san wannan ciwon.

Yankin ya yi suna wajen dafa barasa a ɓoye cikin daji. Masu safararta da dare su ne suka ƙware wajen ƙara wa mota ƙarfi don su tsere wa jami'an gwamnati, kuma daga cikinsu aka samu direbobin tseren farko. Shahararrensu shi ne Junior Johnson, ɗan wannan yankin. An kama shi a 1956, ya yi wata 11 a gidan yari, ya fito ya ci gaba da lashe gasa. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya yi masa afuwa. A 1949, shekarar farko ta babbar gasar NASCAR, wato hukumar da ke shirya irin wannan tseren motoci a Amurka, a wannan filin aka yi tseren rufe shekara.

Yanzu mu rage gudu, don a nan ne ake ɓata.

Ku ɗauki kasuwar ƙauye. Rumfuna suna nan kullum, amma kasuwa ba ta ci sai ranarta. In ta Laraba ce, ka je ran Alhamis, awaki kawai za ka tarar. Darajar rumfunan nan duka tana rataye ne a kan wannan rana guda. To haka filin tsere yake. Hukumar NASCAR ce ke raba ranakun gasa, kuma ranakun ƙidayayyu ne: a 1996 tsere 31 ne kacal a duk shekarar. Filin da ya samu rana, ya samu 'yan kallo da masu talla da kuɗin gidajen talabijin. Wanda bai samu ba, komai kyansa, kango ne.

North Wilkesboro yana da rana biyu a shekara, ɗaya a watan Afrilu, ɗaya wajen ƙarshen Satumba. Ku riƙe wannan.

A shekarun 1990 gasar ta bunƙasa, kuɗi suka shigo, attajirai suka fara gina manya-manyan filaye kusa da manyan birane. Bruton Smith yana gina wani katafare a jihar Teksas, mai kujeru wajen 150,000. Bob Bahre kuma yana da nasa a jihar New Hampshire, yana da rana ɗaya, yana neman ta biyu. Shi kuwa wannan tsohon filin namu, kujerunsa wajen 40,000 ne. To ka gina fili ka kashe miliyoyi, ina za ka samo rana? Jadawali ya kusa cika, ba a ƙara rana don kawai wani ya roƙa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi tsohon fili mai rana, ka nemi hukuma ta yarda ka ɗauke ranar ka kai naka.

Enoch Staley ya rasu a watan Mayun 1995. Ba a jima ba Smith ya sayi rabin filin daga iyalan abokin haɗin gwiwar Staley. Farkon 1996 Bahre ya sayi ragowar rabin daga iyalan Staley. Rana ɗaya ta tafi Teksas, ɗaya ta tafi New Hampshire. Shi ke nan.

Bari in maimaita, don wasu sun tafi ɗauko ruwa. Mutanen nan biyu ba kwalta suka zo saye ba, ba su da buƙatar kujerun. Ranakun nan biyu suka biya wa kuɗi, filin kuwa ya zo musu a matsayin gyara, irin wadda mai gyaɗa ke ƙara maka bayan ka saya. Ranar 29 ga Satumban 1996 aka yi tseren ƙarshe, Jeff Gordon ya lashe, kuma ku dubi kujerun nan a wannan tsohon faifan: cike suke maƙil. Ina maganar cewa mutane sun daina zuwa? Junior Johnson ma ƙin halarta ya yi, don takaici.

Wani zai ce, to me ya hana a ci gaba da ƙananan gasanni a wurin? Tambaya mai kyau. Kowanne a cikinsu rabi yake da shi cif, kuma ba sa ga maciji da juna. Wannan ba zai iya yanke hukunci ba sai da wancan, wancan ma haka. Kun san abin da ke faruwa da gidan gadon da magada suka ƙi jituwa. Damina ce ke rabon. Sai a 2007 kamfanin Smith ya sayi filin New Hampshire daga hannun Bahre a kan dala miliyan 340, rabin North Wilkesboro ya biyo cikin cinikin.

Ni dai a ganina, ta fuskar lissafi ba za ka ce sun yi wauta ba. Kujera 150,000 ta fi 40,000, ko ɗan firamare ya san wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kulle ƙofar da aka yi aka bar garin da kango. Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Filin Rockingham da ke jihar ma haka ya rasa ranakunsa, tserensa na ƙarshe a babbar gasar a 2004 aka yi shi.

A nan hotuna sun yi mana ƙaranci, don shekaru ne da babu abin ɗauka sai ciyawa, saboda haka ku yi haƙuri da wannan hoton na sama. Filin yana bakin babbar hanya mai lamba 421, masu wucewa suna hango shi. Masoya kan tsaya su leƙa ta shinge su ɗauki hoto, daga nan ne irin hotunan da kuke turawa suka fito. An ɗan buɗe shi a 2010, aka sake rufewa a 2011.

Sai watan Disambar 2019. Wannan da kuke gani riƙe da kayan aiki Dale Earnhardt Jr. ne, tsohon direba, ya tara 'yan sa-kai suna cire ciyawa cikin sanyi. Manufarsu ma ƙarama ce: a share kwaltar a auna ta da na'ura, a saka filin cikin wasan kwamfuta na iRacing kafin ya ruguje. Sai ga annobar korona. Aka dakatar da tsere na gaske, direbobi suka koma fafatawa ta kwamfuta ana nunawa a talabijin, kuma a watan Mayun 2020 aka yi ɗaya a wannan filin. Mutane suka tuna da shi. A 2021 gwamnatin jihar ta ware dala miliyan 18 don gyara. Ranar 21 ga Mayun 2023 manyan motocin suka dawo, a kan tsohuwar kwaltar da rabonta da sabuntawa tun 1981. Kyle Larson ya lashe dala miliyan 1, aka ɗaga motarsa da na'ura zuwa kan rufin gini, don a can ake bikin nasara a wannan filin.

Tsufa dai bai bar shi ba. Filin ba shi da hanyar ƙarƙashin ƙasa, in kana tsakiya ba ka fita sai an tashi. A gasar 2024 Kyle Busch ya tura motar Ricky Stenhouse Jr. ta daki bango tun a zagayen farko-farko. Stenhouse ba shi da hanyar tafiya gida ya huce, sai ya zauna yana jira har aka gama. Ga abin da ya biyo baya, ku kalla da kanku. Naushin nan da Stenhouse ya kai wa Busch, dala 75,000 aka ci shi tara a kansa.

A watan Maris na shekarar 2024 kuma, ma'aikata suna duba wata tsaga a wurin zaman 'yan kallo, sai suka tarar da wani ƙaton rami a ƙarƙashin kujerun. Nan take mutanen gari suka ce ai kogon masu dafa barasa ne da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa. Ba a samu tukunya ko ɗaya a ciki ba. An cike ramin da kankare kafin ranar gasa.