Karɓa-karɓa a wurin motsa jiki: wa ke da benci yayin da mai shi yake hutawa?

Ku yi tunanin wani benci a wurin motsa jiki. Babu kowa a kansa, sai tawul da robar ruwa, ga kuma sandar ƙarfe da faya-fayai biyu a kowane gefe. Wanda ya ajiye su yana can tsaye kusa da madubi yana mayar da numfashi, wannan bawan Allah kuma da ya shigo yanzu ya tsaya yana kallon bencin, ya rasa ko ya hau ko ya jira. A kan irin wannan yanayi ne ake ta muhawara a Facebook da TikTok, wasu suna cewa duk wanda ya tashi ya rasa wurinsa, wasu kuma suna cewa tawul shaida ce cewa wurin yana da mai shi. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma abin da ya faɗi tsakaninsu shi ne tsarin da masu ɗaga ƙarfe suka daɗe suna bi, wato karɓa-karɓa.

Sauran ladubban ba su da wuyar fahimta, don haka za mu wuce su da sauri. Mutum ya goge zufarsa daga kan benci kafin ya tafi, domin makero da wasu cututtukan fata suna iya bi ta nan. Ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa, ya rage ƙarar waya, kada kuma ya ɗauki bidiyon da fuskar wani za ta fito ba tare da izininsa ba. A na'urar gudu, wurare da yawa sukan ƙayyade minti 20 zuwa 30 a lokacin cunkoso, wanda a garuruwa irin su Kano da Kaduna yakan faɗo bayan sallar asuba da kuma tsakanin la'asar da isha'i.

Mu koma kan bencin. Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne, wancan mai tsayuwa a gefe bai gama ba, kuma hutun da yake yi wani ɓangare ne na atisayen. Idan mutum ya ɗaga ƙarfe mai nauyi sosai, tsokarsa tana amfani da wani ɗan tanadin makamashi da take ajiyewa a cikinta, wanda ake kira fosfokiriyatin, kuma wannan tanadi yakan ragu ƙwarai cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Kusan rabinsa yana dawowa a cikin daƙiƙa 30, amma kafin ya kusan cika sai an yi minti uku zuwa biyar. Wannan ne dalilin da masu horarwa suke ba mai neman ƙarfi shawarar ya huta minti biyu zuwa biyar tsakanin zagaye da zagaye (zagaye shi ne jerin ɗagawar da ake yi ba tsayawa), kuma duk wanda ya hana shi wannan hutu ya rage masa amfanin aikinsa.

Amma mu yi lissafin lokacin. Zagaye ɗaya na ɗagawa takwas ko goma yakan ci kimanin daƙiƙa 40. Idan mutum zai yi zagaye biyar yana huta minti uku a tsakani, zai shafe fiye da minti 15 a kan benci ɗaya, amma lokacin da bayansa zai taɓa bencin bai kai minti huɗu ba. Minti 12 cur bencin yana zaune babu aiki, a wurin da wataƙila benci biyu ne kacal ga mutum talatin, kuma dukansu kuɗin wata ɗaya suka biya.

Mu da muka tashi muna ɗiban ruwa a famfon unguwa mun san wannan hukunci tun muna yara. Jarkar da ka ajiye tana riƙe maka layi, amma ba ta rufe famfo, kuma idan ka je kai ruwa gida babu wanda zai bar famfon a kashe har ka dawo. Tawul a kan benci haka yake. Yana nuna cewa mai shi zai dawo, kuma yana da haƙƙin zagayensa na gaba, amma mintunan hutunsa na duk wanda ya nema ne cikin ladabi.

Ga yadda ake nema. Lura cewa mai shigowar bai yi magana ba tukuna, domin mai bencin ya koma kansa, sandar tana sama, kuma yi wa mutum magana alhali kilo 80 na bisa ƙirjinsa ganganci ne da zai iya jawo rauni. Ya jira har ta koma mazauninta, sannan ya matso ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam, saura zagaye nawa?" Idan an ce saura ɗaya, sai ya jira kawai. Idan an ce saura uku ko huɗu, sai ya ce, "Ko za ka ba ni dama mu riƙa karɓa-karɓa?" A ganina, amsar da ta dace a mafi yawan lokuta ita ce "Bismillah," kuma ina jin takaici idan na ga ƙaƙƙarfan mutum ya kawar da kai kamar bai ji ba, musamman idan mai tambayar dattijo ne da likita ya turo saboda hawan jini ko ciwon suga, wanda da ma da kyar ya daure ya shigo.

Wanda aka ba dama kuma akwai nauyi a kansa, kuma a nan ne yawancin saɓani ke tasowa. Shi baƙo ne a kan wannan benci har mai shi ya gama. Idan ya rage faifai, shi zai mayar. Idan ya sauya tsayin kujera ko ya cire ƙusar da ke zaɓen nauyi, sai ya mayar da ita ramin da ya same ta. Ya shimfiɗa tawul ɗinsa, ya yi zagayensa ba tare da jan lokaci ba, ya tashi. Na taɓa ganin wani ya zauna a na'ura bayan an sauya masa nauyi ba a faɗa masa ba, ya ja da ƙarfin da ya saba, ƙarfen ya taho masa da sauƙi har ya bugi ƙarshen na'urar, shi kuma ya riƙe kafaɗa. Kalma ɗaya daga bakin wanda ya sauya nauyin da ta hana wannan.

Akwai kuma lokacin da ƙin amincewa ba rowa ba ce. Ɗauki misalin sandar ƙarfe: ita kaɗai kilo 20 ce, ta mata kuma kilo 15, kuma a launukan gasa jan faifai kilo 25 ne, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. A ce mai bencin yana ɗaga kilo 120, wato jajaye biyu a kowane gefe, mai neman karɓa-karɓar kuma kilo 40 yake so. A kowane zagaye sai an sauke faifai huɗu an ɗora biyu, sannan a sake juyawa, kuma hutun da ake so a amfana da shi zai ƙare a dakon ƙarfe. Haka nan idan ɗaya dogo ne ɗaya gajere a wurin tsugunno da sanda, sai an sauke komai kafin a sauya tsayin maratayi. Wanda hutunsa daƙiƙa 30 ne shi ma ba shi da gurbin da zai bayar. A irin wannan hali, abin da ya kamata shi ne ya faɗi gaskiyar mintunan da suka rage masa, ya kuma kira mai jiran da kansa idan ya gama. Na'urorin da ake sauya nauyinsu da ƙusa kuwa, daƙiƙa biyu sun isa, saboda haka da wuya a sami uzuri a kansu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan: tawul a benci, waya a kan wata na'ura, hula a kan ta uku, mutum ɗaya yana zagayawa tsakaninsu da ƙarfe shida na yamma. Haɗa atisaye biyu a jere hanya ce sananniya, amma lokacinta shi ne sa'ad da wurin ya yi sarari. Idan kun tarar da haka, ku tambayi mai kayan wacce yake amfani da ita a wannan mintin, idan kuma maganar ta ƙi, ku kira kocin da ke bakin aiki ya raba, kada ku ɗauke wa mutum kayansa da hannunku.