Tallan mai aikin kansa: minti 45 kowace safiya

An rubuto wannan lacca daga faifan murya na wani zama da masu sana'ar kansu a Maradi.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, ƴan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Na ga a cikinmu akwai masu ɗaukar hoton biki, masu zanen allon shago da katin gayyata a kwamfuta, masu fassara tsakanin Faransanci da Hausa, da masu haɗa sola a gidaje. Sana'a daban-daban, amma ba ɗayanku da ke jiran albashi a ƙarshen wata.

Ga cutar da ke damun yawancinku. Wata guda aiki ya yi maka yawa har barci ya gagara, ka manta da talla kwata-kwata. Aikin ya ƙare, waya ta yi tsit, sai ka tashi a firgice ka tura wa mutum hamsin saƙo rana ɗaya. Abin da ba ka lissafa ba shi ne tazara. Alhajin da ka nuna wa samfurin allo yau ba yau zai saya ba. Sai ya sauke kayan da suka shigo ta Ɗan Isa, wajen iyakar Najeriya, sai ya shawarci ɗansa, sai kuɗi sun dawo hannu. Makonni ke nan. Shirun da kake ji yau, tallan da ka bari wata biyu baya ne ya haife shi. Kuma mai yunwa ba ya iya ciniki. Aikin jika 30, wato sefa dubu 30, sai ka sallama a jika 15, wannan farashin kuma ya bi ka, don wanda ya samu sauƙi zai faɗa a fada daren nan.

To, maganin lokaci ne ƙayyadadde: minti 45, kwana biyar a mako, da safe bayan kari, kafin ka taɓa aikin kowa. Na ce da safe don batir a cike yake, kuma a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, kun san yadda wuta ke yi da mu. Wanda ya ce sai ya gama aiki da dare zai yi talla, ba zai yi ba.

Kafin waya, kaye. Ku sayi kaye mai shafi 100, ku ja layi ya ba ku gida biyar: suna da lamba, wanda ya haɗa ku, abin da mutumin yake bukata, ranar da kuka yi magana ta ƙarshe, da ranar da za ka koma masa. Gida na biyar shi ne ran kayen. Duk sunan da ba shi da ranar komawa, ka yi asararsa ko da kana ganinsa a rubuce.

Su wa za su fara shiga? Waɗanda suka taɓa biyanka, ko da shekara biyu ke nan. Sun riga sun yarda da hannunka, ba sai ka sha wahalar gamsar da su ba. Bayan su, maƙwabtan sana'a. Amarya tana zuwa wurin tela da mai lalle tun kafin ta tuna da mai hoto, ango kuma yana fara neman mai hayar rumfa da kujeru. Mai haɗa sola, maƙwabtansa magini ne da mai sayar da batir. Ku yanke la'ada da su tun farko, a ce kashi 10 cikin 100, ku kuma biya ranar da kuɗi suka shigo. La'adar da aka ja wa rai, ita ce ta ƙarshe da za a kawo maka aiki a kanta.

Kowace safiya mutum biyar kawai: tsofaffin abokan ciniki biyu, biyu da ranar komawarsu ta yi, da sabo ɗaya. A mako 25 ke nan, a wata kusan 100.

Bari in tsaya kan saƙon kansa, don a nan ake zubar da yawancin wahala. Wani sai ya rubuta “Salam” ya zauna yana jiran amsa. Ɗan kasuwar da ke auna buhu ba shi da lokacin tambayarka ko kai wane ne. Wani kuma ya rubuto dogon Faransanci ga wanda da ajami yake lissafinsa. Ga ƴan kasuwa, saƙon murya ya fi, kada ya wuce daƙiƙa 40. Gaisuwa, sunan wanda ya haɗa ku, abu ɗaya da za ka yi masa, tambaya ɗaya. Kamar haka: “Barka da kwana, Alhaji. Maƙwabcinka mai sayar da taya ne ya ba ni lambarka, ni na yi masa allon shagonsa. Na ga naka rana ta cinye rubutun. In kawo maka samfuri biyu ranar Alhamis bayan la'asar?” Sai hoto ɗaya ya biyo baya. Ɗaya, ba goma sha biyu ba, forfensa na intanet kake ci.

In bai amsa ba, ka koma bayan kwana uku. In shiru, bayan mako guda, da wani abu sabo a hannu, ba “Alhaji ban ji ka ba” kawai ba. Daga nan ka ƙyale shi wata guda. Naci fiye da haka roƙo ya zama.

Game da WhatsApp Business, abu uku nake so ku riƙe. Abin da ka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba ya ganinsa. Jerin watsa saƙo, wanda ake tura wa mutane da yawa saƙo ɗaya da shi, yana ɗaukar mutum 256, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu. Saboda haka duk wanda kuka yi ciniki, kada ku rabu sai ya ajiye ta a gabanka. Na uku, kada ka kwashi mutane ka zuba a gurup ba da izininsu ba, toshe ka za su yi. Sau uku a mako ya isa ka ɗora aiki, kuma ka nuna yadda abu yake da yadda ya koma. Masu hoto kuwa, ku ji tsoron Allah: fuskar amarya da ƙawayenta ba kayan talla ba ce sai gidan sun yarda. Hoto ɗaya zai iya rufe maka ƙofofin unguwanni, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Tsoho a nan Maradi.

Rana ɗaya a mako a ajiye waya a taka da ƙafa. Shago uku a babbar kasuwa, da samfuri bugagge a hannu, lokacin da masu saye suka lafa.

Sai kalanda. Talla yana farawa mako shida kafin lokacin ciniki. Aikin salla tun kafin azumi ake nemansa, kuma azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka a duba, kada a dogara da bara. Makarantu masu zaman kansu a tuntuɓe su a Agusta, kafin komawa lakkol. Bukukuwa suna yawa bayan kaka. Masu neman aikin ƙungiyoyin agaji, ku yi NIF, wato lambar haraji, da rajistar kasuwanci tun yanzu, don akawunsu takardar kuɗi mai lamba yake nema kafin ya biya.

Ranar Asabar ka ƙirga abu huɗu: saƙo nawa ya fita, nawa aka amsa, mutum nawa ya tambayi farashi, nawa ya biya. In ba a amsawa, laifin saƙon ne ko ba mutanen da suka dace ka jera ba. In ana tambayar farashi ana ɓacewa, lamba tsirara kake bayarwa. Ka faɗi abin da ke ciki: kwana nawa, gyara sau nawa, wa zai biya bugu. Abu ɗaya za ka canza a mako, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Wata matashiya ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, in aiki ya riga ya yi mini yawa fa? In yi talla in kasa cikawa?”

Tambaya mai kyau, ƙanwata. Ki rage, kada ki tsaya. Minti 15, mutum biyu a rana, waɗanda ranar komawarsu ta yi. Wanda ya zo da aiki ki faɗa masa gaskiya: hannunki ba zai sauka ba sai ranar kaza. In ya yarda, ya ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, a hannu ko ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana, ki rubuta ranarsa a kaye. In yana sauri, ki tura shi wurin abokiyar sana'a da kika yarda da aikinta, ki karɓi la'adarki, sunansa kuma ya zauna a kayenki da ranar komawa bayan wata biyu.